Sojojin kilt da lambobin yabonsu: tambayoyi da amsoshi

Masu kallon tsofaffin hotunan yaƙi sukan tsaya a kan sojan Sikotlan da gwiwoyinsa a waje, ƙirjinsa cike da lambobin yabo, su yi ta tambaya. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Mene ne kilt ɗin soja, kuma yaya ake ɗinka shi?

Tufa ce ta maza da ake ɗaurawa a ƙugu, ta sauka zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Da ulu mai kauri ake saƙa ta, da zane mai gidan dara wanda ake kira tartan. Na soja yakan ci yadi bakwai zuwa takwas, nauyinsa kuwa yakan kai kilo biyu ko fiye tun yana bushe.

Kusan duk wannan yadin a baya yake tafiya. Tela yakan ninke shi ninki a kan ninki, ya ɗinke kowane ninki da hannu daga ƙugu zuwa ɗuwawu, daga nan ƙasa ya sake shi domin ƙafa ta samu walawa. Daga ciki ana rage kaurin ninkin da almakashi, a sa ƙyalle mai tauri ya riƙe siffar, sannan a yi masa shafi. Gaba kuma falle biyu ne marasa ninki, ɗaya a kan ɗaya, ana ɗaure su da maɗauran fata a gefe. Ba a kalmasa bakinsa na ƙasa. Gefen saƙar ne ake bari. Na soja ya fi na farar hula tsawo ta sama, yana hawa har kusan haƙarƙari, don haka yake ɗumama ciki da baya sosai.

Tun da ba shi da aljihu, ana rataya jakar fata a gaba, sunanta sporran. Ta fareti takan kasance da gashin doki da tuntaye. Sai doguwar safa, da ɗan maɗaurin da ke riƙe ta ƙasan gwiwa.

Ta yaya ya zama kakin soja?

Ta hanyar haramci, abin mamaki. Asalinsa suturar mutanen tsaunukan arewacin Sikotlan ce, babban mayafi guda da mutum zai ɗaure da ɗamara da rana, ya lulluɓa da shi da dare. Tun a 1725 gwamnatin Birtaniya ta ɗauki wasu daga cikinsu aikin sintiri a tsaunukan, aka haɗe su rejimanti guda a 1739, wadda aka sani da Black Watch.

Bayan an murƙushe tawayen magoya bayan gidan sarautar Stuart a Culloden ranar 16 ga Afrilu 1746, majalisa ta yi dokar hana maza a Sikotlan sa wannan sutura. Laifin farko ɗaurin wata shida, na biyu a kai mutum ƙetare shekara bakwai. Amma dokar ta cire sojojin sarki. Saurayin da yake son sa kayan ubansa ba tare da fargaba ba, sai ya shiga soja. Kafin a soke dokar a 1782, kilt ya riga ya zama alamar rundunonin tsaunuka, kuma a hannun soja ne guntun samfurin da muka sani yau ya samu gindin zama.

Ke nan duk sojan Sikotlan da ya samu lamba da kilt ya yi yaƙi?

A'a, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Bayan gyaran tsarin soja na 1881, rejimanti biyar ne na dindindin suke sa kilt: Black Watch, Seaforth, Gordon, Cameron, da Argyll and Sutherland. Rundunonin kudancin ƙasar, irin su Royal Scots da King's Own Scottish Borderers, wando mai gidan dara suke sawa a fareti, a fagen fama kuma wandon kaki kamar kowa. Yawanci masu busa musu algaita ne kaɗai ke sa kilt. Ko a cikin rejimantin kilt ɗin ma, hafsan da ke kan doki da direban keken kaya wando suke sawa.

A ɗaya ɓangaren, akwai masu kilt da ba daga Sikotlan suka fito ba. London Scottish nasu toka-toka ne ba gidan dara. Liverpool Scottish suna da nasu. Kanada ta aika bataliyoyin kilt da yawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma bataliyar South African Scottish ta Afirka ta Kudu ta sha wuta a dajin Delville na Faransa a Yulin 1916.

Idan hoto mai launi ne, tartan ɗin zai taimaka: na Black Watch shuɗi ne mai duhu da kore da baƙi, na Gordon haka yake amma da ratsin rawaya, na Seaforth da ratsin fari da ja, na Cameron kuma ja ya fi fitowa. A hoton baƙi da fari kada a dogara da wannan, domin tsofaffin faranten hoto sukan mai da rawaya baƙi, ratsin Gordon ya ɓace. Bajon hula da yawan tuntayen sporran sun fi aminci. Argyll, alal misali, tuntu shida farare suke da su.

Waɗanne lambobi ake magana, kuma wa ke samun wacce?

Ta ƙoli ita ce Victoria Cross, wadda aka ƙirƙira a Janairun 1856. Tagulla ce mara sheƙi da ƙyalle ja mai duhu, kuma tun farko ba ta bambanta farabiti da janar. Sauran kuwa a da an raba su bisa muƙami. Distinguished Conduct Medal ta 1854 da Military Medal ta 1916 na ƙananan sojoji ne. Distinguished Service Order ta 1886 ta hafsoshi ce, Military Cross ta Disambar 1914 kuma ta ƙananan hafsoshi da manyan samanjoji. Sai a 1993 aka rushe wannan shinge, Military Cross ta zama ta kowa. Wanda ya sake cin lamba iri ɗaya ba a ba shi sabuwa, ɗan ƙarfe ake ƙara masa a kan ƙyallen.

Kada a rikita waɗannan da lambobin halartar yaƙi, waɗanda ake ba duk wanda ya je. Mutum zai iya jera biyar a ƙirji ba tare da ko ɗaya ta bajinta ba.

Rejimanti ta 93, wato Sutherland Highlanders, ta ci Victoria Cross shida a rana guda, 16 ga Nuwamba 1857, a Lucknow ta Indiya. Wasu daga cikin shidan abokan aikinsu ne suka zaɓe su da ƙuri'a, domin dokar lambar ta yarda da haka idan rukuni gaba ɗaya ya yi bajinta. Ya kamata a faɗa, yawancin waɗannan yaƙe-yaƙe na ƙarni na 19 na mamayar ƙasashen mutane ne. Lambar tana auna jarumtar mutum guda a idon waɗanda suka aike shi, ba ta auna adalcin yaƙin ba, kuma a Lucknow ranar nan kisan da aka yi wa Indiyawa ya yi muni ƙwarai.

Me ya sa masu busa suka yi fice haka a cikinsu?

Saboda aikinsu shi ne a gan su, a ji su. Algaitarsu mai jaka tana da ƙara da ke ratsa hayaniyar bindiga, kuma ana busa ta ne da hannu biyu, a tsaye. Mai busa ba shi da hannun riƙe makami, ba shi da damar kwanciya. Idan sojoji suka tsaya cak don tsoro, shi ne ke fara miƙewa.

George Findlater na Gordon Highlanders ya samu tasa a Dargai, a iyakar arewa maso yammacin Indiya ta lokacin, ranar 20 ga Oktoba 1897. Sai an ratsa wani fili buɗaɗɗe kafin a kai gindin dutsen da mayaƙan ƙabilun yankin suke kai. Harsashi ya same shi a ƙafa har ya kasa tsayawa, ya jingina da dutse ya ci gaba da busa yayin da 'yan uwansa ke wucewa. Sarauniya Victoria da kanta ta maƙala masa lambar a asibitin Netley a 1898. Da aka sallame shi ya koma busa a gidajen wasa don ya ci abinci, manyan soja suka ji kunya, kuma surutun da ya biyo baya ya sa aka buɗe hanyar ƙara wa mabuƙata daga cikin masu lambar kuɗi daga fam 10 zuwa fam 50 a shekara.

Daniel Laidlaw yana da shekara 40 a yaƙin Loos na Faransa, 25 ga Satumba 1915. Rejimantinsa ta masu wando ce, shi kuwa mai busa ne. Iskar gubar da Birtaniya ta saki da safen nan ta juyo kan mutanenta, kamfaninsa ya rikice a cikin rami. Ya haye bakin ramin, yana kai da komo yana busa, har suka fito suka bi shi, bai daina ba sai da rauni ya kayar da shi. Ya rayu.

James Richardson na bataliya ta 16 ta Kanada bai rayu ba. Ranar 8 ga Oktoba 1916, a fagen Somme na Faransa, kamfaninsa ya maƙale gaban waya mai ƙaya wadda igwa ba ta yanke ba. Ya yi ta zirga-zirga a gaban wayar yana busa har mutanen suka taso suka kutsa. Daga baya an sa shi ya raka wani mai rauni da fursunoni zuwa baya, ya tuna ya bar algaitarsa, ya koma ɗaukowa, ba a sake ganinsa da rai ba. Shekararsa 20. An tsinci algaitar cikin taɓo a 1917, ta shafe shekaru da dama a wata makaranta a garin Crieff na Sikotlan ba a san mai ita ba, har sai da aka gane ta ta tartan ɗin da ke jikin jakar. An mayar da ita lardin British Columbia na Kanada a 2006.

Wace matsala kilt ya riƙa ba soja a fagen fama?

Da yawa, kuma kowane yaƙi ya fito da tasa. A Magersfontein ta Afirka ta Kudu, 11 ga Disamba 1899, birged ɗin tsaunuka ta faɗa tarkon 'yan Boer, Turawan yankin da ke yaƙar Birtaniya, da asuba, kwamandanta Janar Wauchope ya mutu tun farko, sauran suka kwanta rub da ciki awanni cikin rana. Bayan gwiwoyinsu, wanda babu abin da ya rufe shi, ya ƙone har ya yi bororo. Duhun tartan da farin sporran kuma sun zama abin saiti ga maharba. Maganin da aka samo shi ne ƙyallen kaki da ake ɗaurawa a kan kilt ɗin, da aljihu a gaba a madadin sporran. Na farkon gaba kaɗai yake rufewa, wanda ba shi da amfani ga mutumin da ke kwance a kan cikinsa, sai daga baya aka yi mai zagayewa.

A ramukan Faransa da Beljiyam daga 1914 abin ya ƙaru. Ulu yana shan ruwa kamar soso, nauyin ya ninka. Taɓo yakan manne a bakin kilt ɗin ya bushe ko ya daskare, ya riƙa yankar bayan gwiwa a kowane taku. Ƙwarƙwata ta samu gida a cikin ninkin, inda hannu ba ya kaiwa. Sojoji sukan bi layin ɗinkin da harshen kyandir don su fasa ƙwayayen, bayan kwana kaɗan su dawo. Ninkin kuma yana kama waya mai ƙaya.

Mafi muni ita ce iskar guba mai ƙona fata da Jamus ta fara harbawa kusa da Ypres a Yulin 1917. Ruwa ce mai maiƙo da ke kwanciya a ƙasa kwanaki, tururinta yana neman inda fata take da gumi, wato cinya, matsematsi da hamata. Mai kilt da ya zauna a ramin da ta sauka ba shi da kariya ko kaɗan.

Duk da haka sojojin da yawa ba su so rabuwa da shi ba, kuma ba taurin kai kawai ba ne. Yana riƙe ɗumi a ciki da ƙugu fiye da wando. Idan za a ratsa rami mai ruwa, mutum zai iya tattare shi sama ya wuce, ya goge ƙafarsa, alhali mai wando zai kwana a jiƙe.

To me suke sawa a ƙarƙashi?

A al'adar bariki, ba komai. A lokacin sanyi na Yaƙin Duniya na Ɗaya an riƙa raba gajeren wando na ciki, kuma masu rawa da masu wasannin motsa jiki sukan sa nasu.

Yaushe aka daina shiga yaƙi da shi?

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikatar yaƙi ta yanke cewa kilt ba kayan fagen fama ba ne. Dalilanta su ne tsoron iskar guba, tsadar ulu da ɗinkin hannu, da kuma cewa sojan zamani cikin mota yake shiga yana fita. Bataliya ta 1 ta Cameron Highlanders ba ta sauya a kan lokaci ba, ta yi faɗan Mayun 1940 a Beljiyam da arewacin Faransa da kilt ɗinta, ita ce bataliya ta ƙarshe da ta yi haka.

Bayan nan sai ɗaiɗaiku. A harin da aka kai tashar jiragen ruwa ta Saint-Nazaire a Faransa ranar 28 ga Maris 1942, wasu kwamandoji da suka fito daga Liverpool Scottish sun sauka da nasu. Ranar 6 ga Yuni 1944 kuma Bill Millin, mai busar Lord Lovat, shugaban wata rundunar kwamandoji, ya sauka gaɓar Normandy ta Faransa sanye da kilt ɗin Cameron da mahaifinsa ya yi yaƙin farko da shi, yana busa a bakin ruwa ana harbi. Faransa ta karrama shi a 2009, shekara guda kafin rasuwarsa, kuma akwai mutum-mutuminsa a Colleville-Montgomery.

Yau Royal Regiment of Scotland, wadda aka haɗa a 2006, tana sa kilt a fareti da bukukuwa kawai.

Wane ne Tommy Macpherson da ake yawan ambata?

Hafsan Cameron Highlanders ne da ya koma kwamando, an haife shi a 1920, ya rasu a 2014. Ya ci Military Cross sau uku, ga lambobin Faransa a kai. An kama shi a Libiya a Nuwambar 1941 yana leƙen asirin gaɓar teku gabanin harin da aka shirya kai wa hedikwatar Rommel, kwamandan sojojin Jamus a can. Ya yi kusan shekara biyu a tsare, ya tsere ta Suwidin ya koma gida a 1943.

A Yunin 1944 aka sauke shi da laima a yankin Cantal na tsakiyar Faransa, shi da wani hafsan Faransa, Michel de Bourbon-Parme, da saje mai rediyo, domin su tsara 'yan gwagwarmayar da ke daji. Ya sauka da kilt, kuma da gangan ya ci gaba da yawo da shi a fili. Ga yadda lissafin yake. 'Yan gwagwarmayar ba su da yawa, makamansu kaɗan ne, sun gaji da alkawari. Ganin hafsan Birtaniya cikin cikakken kaki yana shiga ƙauye da mota ya nuna musu cewa taimako ya iso da gaske, ya kuma sa Jamusawa zaton akwai babbar runduna a bayansa. Sun sa kuɗi a kansa. Shi da mutanensa suka riƙa fasa gadoji, layin dogo da turakun lantarki, suna sare itatuwa su tare hanya su dasa nakiya a ƙarƙashi, don jinkirta sojojin da ke hanzarin zuwa Normandy.

A Satumbar 1944 yana cikin waɗanda suka lallashi Janar Elster na Jamus ya miƙa wuya da mutum kusan 20,000 da ke ja da baya. A nan a yi hattara da masu ba da labari: ba shi kaɗai ya yi ba. 'Yan gwagwarmayar Faransa sun tare hanyoyi, jiragen ƙawance suna sama, kuma ga sojojin Amurka aka miƙa makaman. Daga baya an sake sauke shi a arewa maso gabashin Italiya ya yi irin wannan aiki.

Sun taɓa haɗuwa da sojojin Hausawa?

Sun haɗu. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a Gana ta yau, Black Watch ce ke gaba a faɗan Amoaful ranar 31 ga Janairu 1874, kuma ƙananan igwogin da suka buɗe mata hanya cikin kurmi Hausawa ne ke harba su, ƙarƙashin Kyaftin Rait. A ranar ne Saje Samuel McGaw ya ci Victoria Cross, domin ya ja sashensa cikin kurmin yini guda duk da mummunan raunin da ya samu tun da safe. Sai dai ba da kilt ya yi ba. Janar Wolseley, kwamandan yaƙin, ya sa an bar shi, aka ba kowa kaki mai launin toka da hular rana, Black Watch suka maƙala jan gashin tsuntsun da ke alamarsu a jikin hular. Zanen da ya nuna su da kilt a kurmin Asante ƙagen mai zane ne.

A Bama a 1944, bataliyoyi na 6, 7 da 12 na Nigeria Regiment sun yi aiki cikin rundunar Chindit, sojojin kutse na musamman na Birtaniya, tare da bataliya ta 2 ta Black Watch, a bayan layin Japan. Lokacin kowa kakin daji yake sawa.

Yaya zan tabbatar da labarin wani soja ko ingancin lambarsa?

Fara da gefen lambar. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya an buga lambar shaidar soja, muƙami, suna da rejimanti a jikinsu. Taurarin halartar Yaƙi na Biyu na Birtaniya kuwa ba suna aka raba su, don haka suna a kansu ba hujja ba ne. Victoria Cross tana da sunan mai ita a bayan ƙarfen da take rataye a kai, ranar bajintar kuma a tsakiyar bayan lambar. Idan gefen lamba ya fi sauran sirantaka ko haruffan ba su daidaita ba, mai yiwuwa an goge sunan asali an buga wani.

Daga nan nemi sunan a London Gazette, jaridar gwamnati da ake shelar kowace lambar bajinta a cikinta. Victoria Cross da Distinguished Conduct Medal sukan zo da bayanin abin da mutumin ya yi. Military Medal ta yaƙin farko yawanci suna kawai za ka gani. Katunan lambobi da kundin yau da kullum na bataliyoyi suna gidan adana takardu na ƙasa a Kew, a Landan, amma kusan kashi biyu cikin uku na fayilolin ƙananan sojojin yaƙin farko sun ƙone a ruwan bama-baman 1940, saboda haka rashin fayil ba ya nufin ƙarya ce. Wanda ya mutu a fagen fama, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da sunansa a intanet. Gidajen tarihin rejimanti ma suna amsa tambaya: na Black Watch a Perth, na Gordon a Aberdeen, na Argyll a fadar Stirling, na Seaforth da Cameron a Fort George kusa da Inverness. Lambar bataliyar da kwanan watan su ne za su nuna maka ko da kilt mutumin ya yi faɗan ranar.

Idan tsohon kilt ko lamba ya faɗo hannun mutum, yaya zai adana su?

Kada a wanke kilt da ruwa, kada a sa shi a inji. Ulun zai tsuke, ƙyallen cikin ya karkace, ninkin ba zai koma daidai ba. A kakkaɓe shi da burushi mai laushi, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Babban maƙiyinsa asu ne, wanda ke cin cikin ninki inda ido ba ya gani, don haka a riƙa buɗe ninkin ɗaya bayan ɗaya ana dubawa. Wanda ya tsufa sosai kada a rataye shi, nauyinsa zai yage ɗinkin. A shimfiɗa shi cikin akwati, a naɗe da farin ƙyallen auduga, ban da leda, domin tana tara laima. A duba shafin ciki kafin a taɓa komai, saboda sau da yawa lambar shaidar sojan tana nan da tawada.

Lambobin kuma kada a goge su da man goge ƙarfe, yana cinye haruffan gefe. A bar musu tsohon ƙyallensu ko ya koɗe, kuma kada a raba jerin lambobin mutum ɗaya, domin masana da gidajen tarihi jerin gaba ɗaya suke karantawa tare da takardunsa.